"Da Sauƙi" a Hanyar Damagaram

Tun da na dawo daga Damagaram, duk wanda ya leƙo shagona a Wunti tambayarsa ɗaya ce: "Tela, yaya Nijar?" Sai in ce lafiya lau, in ci gaba da taka keke. 'Yan majalisarmu sun fi kowa naci. Wani yana so ya ji ko da gaske burodinsu ya kai tsawon hannu, wani kuma zolaya ce kawai, wai Isiyaku tela ya zama ɗan taron ƙasa da ƙasa. Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, ina zaɓen inda za a yi dariya ina tsallake sauran. Shi ya sa na zauna in rubuta shi gaba ɗaya. Karatuna bai yi nisa ba, a yi haƙuri da yadda ya fito.

Sai na fara da yadda aka yi tela ya shiga cikin masu bincike. Na daɗe da ciwon suga, ina zuwa asibiti karɓar magani. Wata rana wata likita, Dakta Rabi, ta tsayar da mu bayan an gama duba mu. Ta ce ita da abokan aikinta suna bincike a kan ciwon ƙafa da ke kama masu suga, wanda ke farawa da ɗan ƙurji ya ƙare da yanka. Ta ce sun gaji da auna mu kamar buhun masara su sallame mu. Suna so wasu daga cikinmu su zauna tare da su, a yi shawarar abin da za a tambayi mutane, da yadda za a tambaya, da ranar da za su iya zuwa. Aka kafa ɗan kwamiti na marasa lafiya. Ni dai na shiga ne don na ga ɗakin taron yana da fanka.

A ɗaya daga cikin zaman farko suka karanto mana tambayoyin da suke yi wa mutane. Ta farko ita ce: yaya ƙafar, da sauƙi ko babu? Ban san lokacin da dariya ta kufce mini ba. Na ce, "Likita, wa kika taɓa tambaya yaya jiki ya ce miki babu sauƙi? Mahaifina, ranar da zai rasu, da safe na gaishe shi ya ce da sauƙi." Likitocin suka kalli juna. Ashe sun daɗe suna mamakin yadda kowa ke cewa da sauƙi, sannan bayan wata guda a kawo shi ƙafa ta lalace. A ranar aka sauya tambayar. Aka koma cewa: jiya ka iya takawa zuwa masallaci? Yaushe rabon da wani ya kalli tafin ƙafarka? Daga nan likitocin suka laƙaba mini Malam Da Sauƙi. Kaina ya kumbura, ba zan ɓoye ba.

A kwamitin nan na san Baffa Manu. Bafulatani ne daga Miri, dattijo dogo siriri, shanunsa sun daɗe da ƙarewa ya koma noma. Ba ya magana sai an tambaye shi sau biyu, amma in ya yi, sai ka ga likitoci sun sunkuya suna rubutu. Shi ya gaya musu cewa manomi ba ya shiga gona da takalmi da damina, saboda laka tana riƙewa, don haka su daina ɓata bakinsu, su nemi wata dabara. Shi ya ce kada a kira mutanen ƙauye da safe, a bari sai bayan la'asar. Ciwon ya riga ya kashe masa ji a ƙafafu, zai taka ƙaya ya wuce bai sani ba. Abin da ya tsare masa su shekara da shekaru shi ne matarsa, Inna Dudu. Kullum da yamma sai ta kawo ruwa a kwarya, ta wanke, ta duba har tsakanin yatsu.

Da aka ce masu irin wannan bincike a Damagaram sun gayyace mu taro, kuma a zo da marasa lafiya biyu, sai aka zaɓe ni da Baffa. Ni in yi jawabi a kan "da sauƙi", shi a kan manoma.

Ana gobe tafiya na dubi takalminsa. Na roba ne, tsoho, mai faɗi, an tsaga gefensa da wuƙa don yatsu su sake. Sai na ji kunya ta kama ni.

Na ce, "Baffa, da wannan za ka shiga gaban likitocin wata ƙasa? Ai sai su ce mutanen Bauchi daga gona aka kwaso su."

Ya ce, "To ai daga gonar aka kwaso ni, tela."

Ban bar shi ba. Na ja shi cikin kasuwa, na zaɓo masa baƙin takalmi rufaffe mai igiya, da safa. Da ya saka na ce, "Ya matse ka?"

Ya ce, "Ni dai ba na jin komai."

Na ce, "To ka ga ya zauna ke nan."

A kwamitin nan namu an sha faɗa a gabana cewa sabon takalmi makashi ne ga mai irin ƙafarsa. Na sani. Ina kallon ƙyallin takalmin ne kawai.

Da sassafe motar ta biya ta Miri. Inna Dudu ta fito har bakin hanya, ta kalli takalmin, ta kalle ni. Ta miƙo mini baƙar leda da tsohon takalminsa a ciki.

Ta ce, "Malam Isiyaku, ga amana. Kullum da yamma ka sa ya cire, ka duba da idonka. Kada ka tambaye shi. In ka tambaye shi ka san abin da zai ce."

Na yi dariya na ce, "Haba Inna, ai ni na koya wa likitoci wannan."

Ledar kuwa na miƙa wa direbanmu, Ɗanliti, ya cusa ta can ƙarƙashin kaya.

Mu huɗu ne a motar: Dakta Rabi a gaba, ni da Baffa a baya, da kular ƙanƙara tsakaninmu wadda muka sa allurarmu a ciki. Lokacin bazara ne, zafi kamar ana gasa mutum. Bayan Ningi taya ta fashe, muka sauka muna taya Ɗanliti. Iyalina sun ƙullo mana masa, Ɗanliti ya cinye fiye da rabi yana cewa taimakonmu yake yi, tunda masu suga ba sa cin shinkafa. Da muka isa Kano ya tambayi wata mai suya ko tana da masa, ta ce waina dai. Ya ce in ta ɗanɗana ta Bauchi za ta daina kiran wannan da kowane suna. Saura kaɗan ta watsa masa mai.

A Kano muka kwana, ni da Baffa ɗaki ɗaya. Da yamma ta yi na tuna maganar Inna Dudu. Na dube shi yana zaune a bakin gado yana jan carbi, sa'an mahaifina, sai na ji nauyin in ce masa ya tuɓe safa in riƙe ƙafarsa. Ga kuma jawabina da nake ta hadda. Na ce, "Baffa, yaya ƙafa?"

Ya ce, "Da sauƙi."

Na ce madalla, na koma ga haddata.

Washegari muka bi ta Daura muka isa iyaka kafin azahar. Ni a zatona iyaka katanga ce ko ƙofa. Ashe igiya ce da 'yan ɗakuna, da manyan motoci jere, da fili mai yashi tsakanin namu da nasu. Fasinja sauka yake ya taka da ƙafa. Jami'in can ɓangaren ya fara mana da Faransanci, da ya ga mun yi zuru sai ya koma Hausa tatacciya. Ya buɗe kularmu yana tsammanin lemo, ya tarar da allurai cikin ruwan ƙanƙara. Ya yi dariya ya ce, "Ku 'yan Najeriya har guzurinku daban ne."

Nan Ɗanliti ya gano ya baro wata takardar mota a Daura wajen shan mai. Ya hau babur ya koma, mu kuma muka tsaya jira. Benci ɗaya ne a inuwa. Baffa ya tashi ya ba wata mai goyo, ya tsaya a rana, an yi an yi ya zauna ya ƙi. Da aka kira salla ya ɗauki buta ya zaga bayan ɗaki. Na bi shi da tawa butar, sai na tarar yana shafa a kan safa. Baffan da na sani ya sha yi wa samari faɗa a kan wannan, yana cewa shi ba haka aka karantar da shi ba. Na tsaya na kalle shi. Sai na ce a raina, ai matafiyi ne. Na wuce.

Daga iyaka hanya ta ƙuntata. Amalanken shanu ya fi mota yawa. Nan na ga Baffa ya zama wani mutum. Ya manna fuska da gilashi yana kallon jajayen shanu masu dogayen ƙaho, yana gaya mana wacce ke da ciki, wacce ta sha wahalar rani. A Matamaye ya sa aka tsaya, ya sauka ya yi ta Fulatanci da wani makiyayi kamar sun shekara da sanin juna, har mutumin ya ba shi kindirmo a ƙoƙo. Da ya dawo ya ce, "Tela, ka ga ƙasar da mota ke tsayawa saniya ta wuce." Tun da na san shi ban taɓa jin ya yi dariya da ƙarfi ba sai ranar. Na lura yana ɗan jan ƙafar hagu wajen shiga mota. Na ce gajiya ce.

Damagaram ta so ta yi kama da Bauchi, saboda manyan duwatsu da ke zaune cikin unguwanni. Hausarsu ce ta ruɗa ni. Acaɓa sai su ce kabu-kabu, makaranta lakwal. Da muka shiga gari Ɗanliti ya ɓace hanya, wani mai shayi ya ce mana, "Ku miƙe, kuna wuce likita sai ku yi dama." Na ce, "Wane likitan? Tsaye yake a titi yana jiranmu?" Masu shan shayi suka kwashe da dariya. Ashe a wurinsu likita shi ne asibitin kansa, mutumin kuma lokotoro. Muka yi ta tsokanar Dakta Rabi, wai ta zama gini.

Masaukin ba laifi, sai dai garin yana fama da ruwa. Bokiti ɗaya ake kawo wa ɗaki da safe, shi ne wanka, shi ne alwala. Wannan ma ya zama mini hujja: ina ruwan da za a wanke ƙafa? Da rana tsaka kuwa sai gari ya mutu, shaguna a rufe, kowa ya kwanta sai la'asar. Na ce da a Wunti ne, da ka tashi ka tarar maƙwabci ya kwashe maka masu ɗinki. Burodin nan da kuke tambaya gaskiya ne, dogo ne kamar taɓarya, bayansa tauri, cikinsa iska. Shayin safe kuwa suga ake fara zubawa kafin ruwa. Da na ce kada a sa mini, mai shayin ya dube ni da tausayi kamar na ce an yi mini rasuwa.

A wurin taron ma haka. An jera likitoci a gaba, mu marasa lafiya a baya, an ajiye wa kowa kwalbar lemo da biskit. Ana cikin jawabin buɗewa da Faransanci sai wata mata ta buga sanda a ƙasa. Ƙatuwa ce, baƙa, ƙafarta ɗaya, da sandar dogarawa a hammata. Hajiya Fanna ke nan, shugabar marasa lafiyan can.

Ta ce, "Lokotoro, kun tara masu sukari kun ba su lemo. Bincike ne wannan ɗin ma, ku ga wa zai fara faɗuwa? Kuma ku yi Hausa, ko a sa mai fassara. Abokan aiki kuka ce, ba 'yan kallo ba."

Aka kwashe lemon, aka jawo kujerunmu gaba. Na ce a raina, wannan da a Bauchi ne da an ce ba ta da kunya.

Sai kuma ga wata al'ada tasu da ban taɓa gani ba. Kafin a fara kowane zama, sai a shimfiɗa tabarmi, kowa ya tuɓe takalmi da safa, har likitocin, maza gefe mata gefe. Kowa ya ɗauki ƙafar na kusa da shi ya duba. Hajiya Fanna ce ta kawo wannan. Ita kaɗai take zaune a gidanta, babu mai duba ta, ƙusa ta shige ta ba ta sani ba sai da aka ji wari. Da masu binciken suka nemi ta shiga kwamitinsu, ta ce ba za ta zauna ana surutu a kan ƙafafu ba alhali ƙafafun suna ɓoye ƙarƙashin teburi.

Kowa ya tuɓe. Baffa ya janye ƙafafunsa cikin babbar riga ya sunkuyar da kai. Hajiya Fanna ta hango shi daga ɓangaren mata ta ce, "Baba na Bauchi, kai fa?"

Kafin ya buɗe baki na riga shi. Na ce, "Hajiya, a yi masa uzuri. Dattijon Fulani ne, ba ya tuɓewa cikin mutane. Ni nake duba shi a masauki."

Dakta Rabi ta dube ni, na gyaɗa mata kai. Ƙarya na yi. Ban taɓa ganin ƙafar ba tun Bauchi. Tsoro nake kada a ce mun zo da ɗan ƙauye mai gardama, kuma ina so a wuce wurin a zo kan jawabina.

Jawabin kuwa ya yi kyau. Na ba da labarin mahaifina, na kwaikwayi muryar mai ciwo yana nishi yana cewa da sauƙi. Aka yi dariya, aka fassara wa waɗanda ba sa jin Hausa su ma suka yi. Mutanen Damagaram suka ce wallahi su ma haka suke. Na ce, "Duk wanda ya karɓi 'da sauƙi' daga bakin mai ciwo ya tafi, ba lafiyarsa yake nema ba, hutun kansa yake nema." Aka tafa. Na hango Baffa yana tafawa shi ma, gumi na zuba daga hularsa. Da aka zo kansa ya yi magana kaɗan a zaune, murya ƙasa ƙasa. Da yamma na sake cewa yaya ƙafa, ya sake ba ni amsar da na sani. Washegari da aka shimfiɗa tabarmi ba wanda ya ƙara tambayarsa, tunda na riga na tsaya masa.

Ranar ƙarshe ana cin abincin rana a tsakar gida, dambu da zogale. Baffa bai taɓa nasa ba. Hajiya Fanna ta dogaro sandarta ta zo wucewa ta gabansa, sai ta tsaya.

Ta ce, "Baba, ƙudan nan me suke nema a takalminka?"

Ya ce, "Ba komai, Hajiya. Da sauƙi."

Ta ce, "Ni ban tambaye ka jiki ba."

Ta yar da sandar, ta zube a ƙasa gabansa, ta kama igiyar takalmin hagu. Ya so ya janye, ta riƙe. Da takalmin ya fita, waɗanda ke kusa suka ajiye kwanukansu. Safar ta manne, sai da aka jiƙa ta da ruwa. Ba zan kwatanta abin da na gani ba. Yatsu biyu sun yi baƙi, jan ya hau har idon sawu. Ta zura hannu cikin takalmin ta juyo shi ga haske. Wata 'yar ƙusa ce ta ɓullo daga ƙasansa, tsininta bai kai ƙwayar shinkafa ba.

Ta ɗago ta neme ni cikin mutane. Ta ce, "Kai ne mai duba shi a masauki?"

Ba ta jira amsata ba. Ta juya ta daka tsawa: "A kai shi likita!" Wannan karon na gane abin da take nufi.

A cikin mota na ce, "Baffa, tun yaushe?"

Ya ce, "Tun iyaka. Da zan yi alwala na ga jini a safa."

"Me ya hana ka faɗa?"

Ya ce, "Ka yi ɗawainiya ka zaɓo mini takalmi. Kuma na ga kana ta haddar maganarka. In na faɗa sai a ce a juya saboda ni."

Likitocin can suka wanke, suka yi masa allurai, suka ce a cire yatsun a ranar, in an jinkirta abin zai hau. Baffa ya ce a'a. Ya ce ba za a yanke masa komai a ƙasar da uwar yaransa ba ta nan ba, ita ta yi wahalar ƙafar nan, sai ta gani da idonta. Dakta Rabi ta durƙusa a gefen gadon tana ce masa Baba, ta yi masa bayani dalla-dalla, ba ta ɓoye masa komai ba. Aka nemi wani maƙwabcinsa a waya don a haɗa shi da Inna Dudu, wayar ba ta shiga. Baffa ya saurari Dakta Rabi har ta gama, ya ce ya gode, a kai shi gida.

Da muka fito waje na ga idonta ya yi ja. Ta ce, "Malam Isiyaku, kullum ina cewa a saurari mara lafiya, maganarsa ita ce gaba. Yau na so a ce ban taɓa faɗa ba."

Hajiya Fanna ta zo sallama da asuba. Ta ba Baffa dabino, ta tuna da sugansa, ta karɓe abinta, su biyu suka yi murmushi. Ni ba ta kalle ni ba.

Dawowar ba ta da labari mai yawa. Ba mu tsaya ko'ina ba sai shan mai da salla. An rataye ledar ƙarin ruwa a maƙalin riga, Dakta Rabi tana juyowa tana dubawa. Ƙafar tana kan cinyata tun daga Damagaram har Bauchi, ƙafar da na ji nauyin taɓawa a Kano. Gilasai a sauke saboda wari. Ɗanliti bai yi wasa ko ɗaya ba. A iyaka jami'in nan da ya yi wa kularmu dariya ya leƙo, ya ga halin da ake ciki, ya sa aka sauke igiya nan take, ya ce Allah ya ba Baba lafiya. Shanun suna nan a bakin hanya kamar yadda muka bar su, Baffa bai ɗaga kai ba. Wajen Ningi zazzaɓi ya rufe shi, ya dinga Fulatanci yana kiran sunayen shanun da ba su a duniya.

Kai tsaye asibiti muka wuce. Zuwa lokacin maganar ta wuce yatsu. A ƙasan gwiwa aka yanke.

Inna Dudu ta iso ana shirin shiga da shi. Ta shiga ta ga ƙafar, ta fito ta same ni a baranda. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba.

Ta ce, "Malam Isiyaku, ka duba?"

Na ce, "Na tambaye shi."

Ta gyaɗa kai, ta koma ta zauna a kan tabarmarta.

Da kwamiti ya sake zama na faɗi komai, har da ƙaryar da na yi a gaban Hajiya Fanna, na ce a cire ni. Dakta Rabi ta ƙi. Ta ce ita ma daga kujerar gaba ta sha juyowa ta ce Baba yaya ƙafa, ta karɓi amsar, ga ta likita. Ta ce in na fita na huta ne kawai, aikin kuma yana nan. Yanzu mu ma da tabarma muke fara zama, kowa ya tuɓe, har manyan likitoci. An ƙara wani abu a binciken, a ga ko haɗa masu ciwo biyu biyu suna duba juna zai rage yanka. Ban san abin da zai fito ba. Baffa bai bar kwamitin ba, sai dai ya ce tunda shi ba ya iya zuwa, su su zo. Wani lokaci a Miri ake zaman, ƙarƙashin bishiyar ƙofar gidansa, bayan la'asar.

Gonarsa bana maƙwabta ne suka shuka masa. Wandunansa ni aka kawo wa na naɗe ƙafar hagu na ɗinke.

Ana nan sai Ɗanliti ya kawo mini baƙar ledar nan, ya ce ya tsince ta wajen wanke mota. Na hau babur na kai Miri. Baffa ya buɗe, ya ciro na dama ya saka, ya motsa yatsunsa ta tsagar. Ya miƙo mini na hagu ya ce, "Wannan kuma ka riƙe, tela. Ka riƙa nuna wa likitoci, su ga irin wanda ya dace da mu."

A ranar na durƙusa gaban Inna Dudu na ce ta yafe mini. Tana tankaɗe, ba ta daina ba. Ta ce, "Ba komai, Malam Isiyaku." Ni da na yi jawabi a wata ƙasa a kan "da sauƙi", na san irin wannan "ba komai" ɗin.

To, ga Nijar ɗin da kuke tambaya. In kun zo shago ranar Juma'a da yamma kun tarar a rufe, ina Miri. Ba na ce masa yaya ƙafa. Gaisawa muke, in jawo kwarya, in ɗora ƙafar da ta rage a cinyata, in wanke, in duba har tsakanin yatsu. Inna Dudu tana tsaye a bakin ƙofa har in gama. In na tashi na yi sallama, kafin in tayar da babur sai in ji ta zubar da ruwan, ta ɗebo wani, ta zauna ta sake dubawa.